Ƙarshen injin mai shimfiɗaɗɗen kai

Ɗan'uwa mai karatu, ka san injin mato ma yana tsufa?

A shekara ta 1932, a Amurka, kamfanin Ford ya ƙera inji mai silinda 8. Kansa a shimfiɗe yake kamar faranti, domin ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi suna gefe. Ba shi da tsada, ba shi da wuyar gyara. Manomi ma ya samu mato mai ƙarfi.

Amma injin yana saurin zafi, ga shan mai. Maƙera suka mayar da ƙofofin nan bisa kai, ƙarfi ya ƙaru. A 1953 Ford ya daina sa shi cikin matocinsa na Amurka.

Ka gani, kayan aiki komi amfaninsa, wanda ya fi shi yana tafe.