Rancen Bankunan Raya Ƙasa da Gidajen Haya Masu Rangwame: Nazari a Kan Nijeriya da Ayalan

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake sarrafa rancen bankunan raya ƙasa wajen samar da muhalli, ta hanyar kwatanta Nijeriya da ƙasar Ayalan. Ta gano cewa a Nijeriya rancen ya karkata ga masu neman mallakar gida, aka bar ɗan haya, kuma cin bashi da dala kan rushe duk lissafin haya mai rangwame.

Gabatarwa

A Kano, Kaduna ko Abuja, mai neman ɗaki ciki da falo yakan biya kuɗin shekara guda a dunƙule, ga kuma la'adar dillali. Ɗan tireda ko mai tuƙa adaidaita-sahu ba shi da takardar albashi, filin gadonsa ma sau da yawa ba shi da shaidar mallaka ta gwamna da Dokar Filaye ta 1978 ta tanada. Banki kuwa ba ya ba da bashin sayen gida sai da waɗannan takardu. Tambayar binciken ita ce: wa rancen bankunan raya ƙasa yake amfana?

Hanyar Bincike

An auna shirye-shiryen ƙasashen biyu da ma'auni uku: wanda ke karɓar rancen, nau'in kuɗin da aka bayar, da yadda ake yanke haya.

Sakamako

A 2013 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya da rancen dala miliyan 300 don bunƙasa harkar kuɗin gidaje. Dala miliyan 250 daga ciki an ware su ne ga kamfanin NMRC, wanda aikinsa shi ne samar wa bankunan jinginar gidaje kuɗi na dogon zango. Ke nan kaso mafi tsoka ya tafi ga mai saye. Haka Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992, da ke cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, an ɗora shi ne a kan ma'aikaci.

Matsala ta biyu ita ce canji. A 2013 dala na kusan naira 160. A 2024 ta haura naira 1,500. Bashin dala miliyan ɗaya da ya yi daidai da naira miliyan 160 ya zarce naira biliyan ɗaya da rabi, alhali da naira ake karɓar haya. Ko dai a tsawwala wa ɗan haya, ko giɓin ya faɗa wuyan gwamnati.

A Ayalan, hukumar kuɗin gidaje ta gwamnati takan ci bashi daga Bankin Zuba Jari na Turai, ta ranta wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje marasa neman riba. Wata doka ta 2021 ta kafa tsarin da ake yanke haya bisa abin da aka kashe wajen gini, biyan bashi da gyare-gyare, da nufin ta yi ƙasa da farashin kasuwa da aƙalla kashi 25 cikin 100. Bashin da hayar duk da yuro suke, saboda haka canji bai shafe su ba.

Kammalawa da Shawarwari

Sauƙin kuɗin ruwa kaɗai ba ya samar da haya mai rangwame. Maƙalar na ba da shawarar a riƙa karɓar rancen da naira, ko a yi amfani da shi a matsayin lamuni ga takardun bashi na cikin gida. Jihohi su ba da filaye masu cikakkun takardu ga ƙungiyoyi marasa neman riba, a kuma mayar da biyan haya wata-wata. A Arewa, inda da yawa ke ƙyamar kuɗin ruwa, tsarin ijara da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ke aiki da shi ya dace da wannan harka, tunda asalinsa ma haya ne.