Daga Zauren Lugard zuwa Fadar Aso Rock: Yadda Tsarin Mulki ya Sauya Kujerar Shugaban Ƙasa a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi sauye-sauyen da doka ta yi wa kujerar shugaban ƙasa daga 1963 zuwa 2023, ta mahangar Kaduna. Hujjarta ita ce, gyare-gyaren bayan 1999 sun fi taɓa hanyar hawa kujerar, girman ikonta kuwa yana nan yadda sojoji suka bar shi.

Lokacin da iko ke Kaduna

Tsarin mulkin 1963 ya ba Dakta Nnamdi Azikiwe sunan shugaban ƙasa, amma na jeka-na-yi-ka. Ragamar gwamnati tana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi kuma jagoran jam'iyyarsa ta NPC, Sardauna Ahmadu Bello, ya zaɓi zama a Kaduna. Wannan zaɓi ya nuna inda nauyi yake: Jihar Arewa tana da nata tsarin mulki, da majalisarta a Zauren Lugard da ke Kaduna. Dokar soja mai lamba 34 ta 1966, da ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, su suka karya wannan gini.

Shugaba mai cikakken iko

Tsarin 1979 ya aro salon Amurka, ya haɗe shugabancin ƙasa da na gwamnati a hannu ɗaya, da sharaɗin samun kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya cika sharaɗin a 12, a Kano ya tsaya ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama tsakaninsa da abokin takararsa Awolowo. Kaduna ce ta fara ɗanɗana ɗacin wannan tsari a matakin jiha: majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, sannan ta tsige shi a Yunin 1981.

Bayan 1999

A Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta yi fatali da yunƙurin tazarcen shugaban ƙasa. Jinyar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Saudiyya ta bankaɗo giɓin sashe na 145 na tsarin mulkin 1999, har aka gyara shi a 2010: in shugaba ya yi kwana 21 bai miƙa takardar miƙa ragama ba, majalisa za ta ɗora mataimakinsa riƙo. Rasuwar 'Yar'aduwa ce ta ɗauke Namadi Sambo daga gidan gwamnatin Kaduna zuwa kujerar mataimakin shugaban ƙasa a Abuja. A 2018 an rage shekarun takara daga 40 zuwa 35, a 2023 aka ba shugaba kwana 60 ya miƙa sunayen ministoci.

Duk da an buɗe wa jihohi ƙofar lantarki da jiragen ƙasa a 2023, 'yan sanda da ma'adinai suna hannun tarayya. Gwamnan Kaduna ba shi da ikon tilasta wa kwamishinan 'yan sandan jiharsa bin umarni in Abuja ta ƙi. Sashe na 214 da na 215, waɗanda suka shafi 'yan sanda, su ne ya kamata masu gyaran tsarin mulki su fara dubawa.