Kububuwa da Kasa: Yadda Suka Bambanta da Gamsheƙa da Kumurci

Jama'ar Belbeji da kewaye, da ƴan uwa mazauna Agadas, Kano ko Libiya, kaka ta ƙarato a Damargu. Lokacin girbin hatsi da ɗaurin dami shi ne lokacin da hannu da ƙafa suka fi gamuwa da maciji, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan masu dafin da ke ƙasarmu.

Masana sun raba su gida biyu. Gida na farko shi ne na kububuwa da kasa, har da ɗan uwansu mai ƙaho da ke binne kansa cikin rairayi can arewa. Kansu faffaɗa ne, wuyansu siriri, haƙoran dafinsu dogaye ne masu lanƙwashewa cikin baki sai an tashi sara. Gida na biyu shi ne na gamsheƙa da kumurci, masu fasa kai, masu gajerun haƙora kafaffu. Mesa kuwa ba ta da dafi ko kaɗan, matsewa take yi.

Kasa dai malalaciya ce, ƙatuwa, ba ta gudun mutum, sai an taka ta. Saranta kumburi ne mai tsanani da ruɓewar nama.

Amma wadda ta fi ba mu tsoro ita ce ƴar ƙaramar, wato kububuwa. Da wuya ta wuce santimita 60. In ta fusata sai ta naɗe tana goga jikinta, ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Dafinta jini yake hanawa daskarewa. To ga inda yaudarar take: mutum ya kan koma gida da ƙafarsa, ya ci tuwo, a ce ai asiri ya kama. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara tsattsafowa daga dasashi, ko hanci, ko cikin fitsari, wani ma ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. A nan ake rasa mutane.

Na kumurci daban ne, jijiyoyi yake kashewa: fatar ido ta yi nauyi, magana ta sarƙe, numfashi ya gagara cikin ƴan awowi. Gamsheƙa kan feso dafi a ido, sai a wanke nan take da ruwa mai yawa.

A likita akwai gwaji mai sauƙi. Za a zuba jini a kwalbar gilashi mai tsabta a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi na aiki, allurar maganin dafi kaɗai ke tsayar da shi. Ɗaure ƙafa tamau, tsaga, tsotsa da baƙin dutse ba su cire dafi, ɗaurin ma kan jawo a yanke ƙafa. A cire zobe da munduwa, a hana majinyaci tafiya, a ɗora shi a amalanke ko babur zuwa likita mafi kusa, daga nan Tanut ko Damagaram in an tura shi.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Ku da ke nesa, in aka bugo muku waya aka ce an sari wani amma "da sauƙi", ku aiko kuɗin mota a ranar.