Daga Hatsarin Columbia Zuwa Ganyen Shayi: Yadda Kumbo Ya Koyi Jin Ciwon Jikinsa

Ranar 16 ga Janairu 2003, kumbon Columbia na Amurka ya tashi da 'yan sama jannati 7. Daƙiƙa kusan 82 da tashi, wani guntun soso mai kare tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu. Babu wata na'ura a wajen da za ta ce ga girman ɓarnar. Ranar 1 ga Fabrairu, a hanyar dawowa, iska mai tsananin zafi ta kutsa ta ramin, kumbon ya tarwatse a saman jihar Texas, duk mutanen ciki suka rasu.

To me ya sa ba a cika kumbo da na'urorin sa ido ba tun farko? Matsalar wayoyi ce. Kowace na'ura sai an ja mata wayar lantarki, wayoyi kuwa nauyi ne, kuma kowane kilo da za a ɗaga zuwa sama kuɗi ne masu yawa. Ga shi ba ko'ina ake iya huda jikin kumbo a zura waya ba.

Bayan hatsarin, hukumar NASA ta sauya dabara. Lokacin da Discovery ya tashi a Yulin 2005, kowane fiffike yana ɗauke da na'urori 66 masu jin girgiza da 22 masu auna zafi. Suna miƙa bayanansu ga ƙananan akwatuna masu batir, su kuma su tura ta rediyo zuwa kwamfuta a cikin kumbon. Wato dai kamar ganuwar Kano a da: kowace ƙofa, har da Ƙofar Mazugal, tana da sarkin ƙofa mai lura da shige da fice, labari kuma yana isa fada.

Sai matsala ta biyu: sanin inda abu yake. A Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa komai yawo yake, kuma GPS ba ya ratsa bangon ƙarfe. A 2017 NASA ta girka na'urorin da ke karanta ƙananan alamomin rediyo da aka manna wa kaya. A 2018 hukumar sararin samaniyar Jamus ta gwada tsarin Wireless Compose a sashen Columbus, don bin motsi ba tare da waya ba.

Duk da haka da sauran aiki. Tun Satumbar 2019 aka lura iska tana zurarewa daga tashar, amma sai Oktobar 2020 aka gano tsagar a sashen Zvezda na Rasha. Da me? 'Yan sama jannati suka saki ganyen shayi, suka bi inda iska ke jansa.

Na'ura ta faɗi cewa iska na raguwa, amma ba ta nuna wurin ba. Ga masu shirin tafiya duniyar Mars, inda saƙo kan ɗauki har minti 20 kafin ya iso ƙasa, wannan giɓin ne ya wajaba a cike.