Gurbin bit a rajistar na'ura

Gurbin bit wani yanki ne na rajista, mai bit ɗaya ko fiye a jere, wanda ke ɗauke da umarni ko bayani guda. Rajista ƙaramin ma'aji ne a jikin na'urar lantarki, galibi mai bit 8, 16, 32 ko 64, kuma kowane bit ko dai 0 ne ko 1. Ta nan ne direba, wato manhajar da ke shiga tsakanin kwamfuta da na'ura, yake ba da umarni. Da yake rajista ɗaya kan ƙunshi gurabe da yawa, masu rubuta direba sun kafa ƙa'idojin sa musu suna da taɓa su, don kada a je gyara ɗaya a ɓata na kusa da shi.

Misali

Na'urar 16550 UART, mai aika haruffa ta waya bit bayan bit, tana da rajista mai bit 8 da ake kira LCR. Ƙidaya daga 0 take farawa. Bit na 0 da na 1 su ke faɗin tsawon harafi, daga bit 5 zuwa 8. Bit na 7 kuwa, DLAB, idan aka kunna shi, adireshin da ake zuba haruffa sai ya koma na saita gudu. In direba ya manta bai kashe shi ba, duk harafin da ya aika gudun na'urar zai sauya, saƙon kuma ba zai fita ba.

Ƙirar suna

Suna kan tashi daga babba zuwa ƙarami: na'ura, rajista, sannan gurbi, duk da manyan baƙaƙe. A Linux, UART_LCR_DLAB na nufin gurbin DLAB na rajistar LCR ta UART, darajarsa kuma 0x80. An fi so a bi sunan da kamfanin ya sa a takardar bayanin na'urar, don mai karatu ya iya gwada su biyun.

Ƙa'idar Linux

A kan Linux aka gina Android, don haka wannan ƙa'ida ta shafi wayoyin hannu masu yawa. Ana bayyana gurbi da wata lamba mai aiki kamar rariya: tana da 1 a inda gurbin yake, da 0 a sauran wurare. BIT(n) na ba da rariyar bit ɗaya, GENMASK(h, l) kuma ta jerin bit daga l zuwa h. Misali, GENMASK(5, 4) shi ne 0x30.

A da, kowane gurbi sai an rubuta masa lamba biyu, rariya da matsayin farawa, kuma sukan saɓa wa juna. A shekarar 2016 Jakub Kicinski ya kawo fayil ɗin bitfield.h, wanda ya fito a Linux 4.9. FIELD_PREP na sa daraja a gurbi, FIELD_GET na ciro ta, dukansu daga rariya kaɗai. Idan aka rubuta tsayayyar lamba da ta fi ƙarfin gurbin, shirin ba zai harhaɗu ba.

Wasu tsare-tsare

Tsarin CMSIS na kamfanin Arm yana ba gurbi suna biyu, masu ƙarewa da _Pos da _Msk. A allon Arduino Uno, mai ATmega328P, _BV(PORTB5) na nuna bit ɗin da ke kunna fitilar ƙafa ta 13.

Harshen C yana da tasa hanyar yanka gurabe a cikin struct, amma da yawa suna kauce mata a rajista, saboda dokar harshen ta bar wa kowace manhajar harhaɗa shiri ta zaɓi gefen da za ta fara jera su.

Kurakuran da aka saba

Rubuta 1 << 31 kai tsaye kuskure ne a inda int ke da bit 32, domin sakamakon ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa BIT ke aiki da lambar da ba ta da alamar ragi.

Don sauya gurbi ɗaya, sai a karanta rajistar, a share gurbin, a sa sabuwar daraja, a mayar. Idan wani sashen shiri ya taɓa rajistar a tsakiyar haka, gyaran ɗayansu zai ɓace, sai fa in an kulle ta tukuna. Akwai kuma bit da rubuta 1 ne ke share su, kamar na sanarwar da na'ura ke aiko wa direba. Mayar da abin da aka karanta yadda yake kan goge sanarwar da ba a riga an duba ba.