Daga Karofi Zuwa Ɗakin Gwaji: Yadda Kano Ta Daɗe Tana Neman Makarantar da Ke Kai Yaro ga Sana'a

A labarin Bayajida, da aka tashi raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Daura da Katsina suka zama sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, Kano da Rano kuwa aka ce su ne sarakunan baba. Masana tarihi sun daɗe da daina ɗaukar labarin a matsayin abin da ya auku daki-daki, amma laƙabin ba a banza aka yi shi ba. Ƙasar da ta miƙe kudu da birnin Kano, daga Kura zuwa Bunkure har Rano da Kibiya, ƙasa ce ta auduga da baba, ta masaƙa da marina da mabuga. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Kaso mai yawa na wannan kaya a ƙauyuka aka saƙa shi, aka rina, aka buge, kafin ya ga kasuwar Kurmi, balle ya hau raƙumin Buzaye.

Masana'anta irin wannan ba ta tsayuwa sai da hanyar horar da masu tasowa, kuma hanyar tana nan, ko da ba ta da aji ko allo. Ɗan marini yakan soma da ɗebo ruwa da kwasar toka. In ya ɗan tasa a ba shi muciya ya riƙa motsa karofi, ya koyi gane ruwan baba da ya nuna daga kumfarsa da warinsa, ya san yadda ake ƙona katsi a yi laso a gyara rami. Sai hannunsa ya faɗa sannan a yarda ya tsoma turkuɗin mutane. Da asuba da dare yana gaban malam da allonsa, da rana yana bakin marina. Ba a taɓa zama taro don neman dabarar da za ta sa wannan yaro ya mai da hankali ba, domin ƙarshen tafiyar yana zaune a gabansa kullum: ga ubansa da hannu baƙi ƙirin, ga fatake suna ciniki, ga kuɗi ana ƙirgawa.

Bai kamata a yi wa tsarin kwalliyar da ba shi da ita ba. Sana'a gado ce, kuma wanda ya shigo ta haye yakan daɗe ana tuna masa. Mata su ne suka kaɗa zaren da duk cinikin ya dogara a kansa, amma ba su ne ke riƙe da karofi ba. Yaro kuma ba ya zaɓar hanya, haihuwa ce take zaɓa masa. Abin da tsarin yake da shi, wanda makarantar boko ta shafe fiye da shekara ɗari tana nema, shi ne igiyar da ta ɗaure koyo da abin yi.

Turawa ma da wannan tunani suka fara. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Akwai sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da kuma na sana'a, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da saƙa da ɗinki, a hannun gwanayen gari, cikin harshen Hausa. A takarda, sassan duk 'ya'yan gida ɗaya ne. A aikace kuwa kowa ya ga inda kowace ƙofa take fita. Wanda ya iya boko da lissafi ya zama malamin haraji ko akawu a En'e, yana da albashi, yana da keke, yana zama kusa da hakimi. Wanda ya fito daga sashen sana'a ya koma gasa da maƙerin kasuwa da ya gāji aikin bai kwana a makaranta ko sau ɗaya ba. Zuwa wajen 1930, bayan zuwan E.R.J. Hussey a matsayin daraktan ilimi, aka haɗe makarantun sana'a da na larduna suka zama midil, aikin hannu ya koma darasi ɗaya cikin darussa. Talaka ya karanci darasin da kyau: in za a rabu da yaro a kai shi boko, to ya fito da alƙalami, ba da zarto ba. A daidai wannan zamani kuma yadin Turai da shunin kanti suna cin kasuwar marina a hankali, karofi yana cikewa da ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

An ɗanɗana kuɗar wannan rabuwa bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Gwamna Audu Baƙo ya tashi da manyan ayyuka, babbansu madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, a maƙwabtan Rano, tare da aikin noman rani na Kadawa wanda ya shayar da gonakin Kura da Bunkure. Ayyuka irin waɗannan suna bukatar injiniyoyi da masu safiyo da malaman gona da makanikai, asibitocin da ake ginawa kuma suna bukatar likitoci. Jihar ba ta da su. Ana ɗauko su daga kudancin ƙasar, ko daga Indiya da Pakistan da Masar. Jami'ar Ahmadu Bello tana da guraben karatun likita da injiniya, amma 'yan Kano da suka ci darussan kimiyya har suka cancanci shiga ba su taka kara sun karya ba.

Daga nan aka yi gwajin da ya fi kowane tasiri a tarihin wannan batu a Kano. Abin lura shi ne ba a Ma'aikatar Ilimi aka haife shi ba. Ya fito ne daga kwamitin tsara ma'aikata da ke ƙarƙashin ma'aikatar raya tattalin arziki, a zamanin gwamnan soja Sani Bello, kuma cikin waɗanda suka tsaya masa akwai Dokta Ibrahim Ayagi, wanda yake kwamishina a lokacin, da Alhaji Ado Gwaram. Wato mutanen da aikinsu shi ne ƙirga likitoci da injiniyoyin da jihar ta rasa, su ne suka juyo suka tambayi wace irin makaranta ce za ta samar da su. Daga aikin suka faro, suka dawo baya zuwa aji.

A 1977 aka kafa hukumar makarantun sakandare na kimiyya, aka mai da makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa na kimiyya zalla. Ana zaɓo yara daga sauran sakandaren jihar bayan aji biyu, ta hanyar jarrabawa, su yi shekara uku a makarantar kwana. Lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji wajibi ne a kan kowa. Hukumar tana da cin gashin kanta wajen ɗaukar malamai da sayen kayan ɗakin gwaji, ba sai ta bi dogon layin ma'aikata ba. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, daga baya aka ƙara ta maza a Kafin Hausa, waɗanda dukansu suka faɗa Jigawa a 1991.

Shirin ya sha suka tun daga cikin gwamnati. Masu adawa da shi suka ce gata ne ake tara wa 'yan tsiraru, kuma kwashe haziƙan yara da ƙwararrun malamai daga sauran makarantu tamkar yaye wa wani bargo ne a lulluɓa wa wani. Zargin yana da ƙanshin gaskiya, musamman in aka dube shi daga karkara. Jarrabawar shiga tana auna Turanci da lissafi, kuma yaron da ya yi firamare a wani ƙauyen Kibiya, inda malami ɗaya kan riƙe aji biyu, damina kuma ta kwashe rabin ɗalibai zuwa gona, ba daga wuri ɗaya ya tashi da ɗan birni ba. Amma wanda ya samu ya tsallake, ya shiga wata duniya. Manhajar da ake koyarwa a Dawakin Kudu ita ce dai ta ko'ina, jarrabawar ƙarshe ma ita ce ta kowa. Bambancin yana cikin abin da aka gaya wa yaro ranar da ya sauke akwatinsa: an kawo ka nan don ka zama likita ko injiniya, jihar tana jiranka. Abokan ɗakinsa duk da wannan niyya suka zo, 'yan ajin gaba suna tafiya Zariya yana gani, bayan 'yan shekaru kuma wasu suna dawowa da farar riga. Rukunin farko ya fita a 1980, kuma a yau da wuya a shiga babban asibiti ko tsangayar kimiyya a Kano da Jigawa ba a tarar da tsohon ɗalibin ɗaya daga cikin makarantun ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan waɗannan makarantu ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a 1988.

A daidai wannan lokaci gwamnatin tarayya tana nata gwajin, wanda ya bi ta ɗaya hannun. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, da aka soma aiwatarwa a 1982. Ƙaramar sakandare za ta ɗanɗana wa kowane yaro aikin katako da ƙarfe da lantarki, daga nan a raba hanya: wasu babbar sakandare, wasu kwalejin fasaha, wasu koyon sana'a. Aka yi odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatunan da aka kawo su suka tsufa, domin babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Yara suka haddace sassan injin daga zanen allo. Mafi muni, rabon hanyar ya zama hukunci: wanda ya ci jarrabawa ya wuce gaba, wanda ya faɗi aka ce ya tafi fasaha. Kwalejojin fasaha irin na Bagauda da Wudil sun fitar da magina da masu gyaran wuta da makanikai da ake alfahari da su, amma suna iyo ne suna fuskantar ruwa. Ko wanda ya daure har ya yi babbar difloma, ya tarar a aikin gwamnati mai digiri yana gabansa.

Ita kanta Rano ta sami nata rabon a wannan tarihi. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana da reshe a garin, wanda aka daɗe ana saninsa da makarantar horar da ma'aikatan walwalar jama'a da raya karkara, daga baya aka sauya masa suna zuwa makarantar fasahar karkara da koyon dogaro da kai. Sauyin sunan kaɗai ya isa tarihi. Sunan farko na zamanin da ƙaramar hukuma ke jiran ɗalibi da takardar ɗaukar aiki ne. Na biyu na zamanin da aka gaya masa tun kafin ya shiga cewa babu mai jiransa, shi zai ƙirƙiro wa kansa abin yi. Wannan ya fi wuya ƙwarai, domin a nan makaranta ba ta da wani gurbi da za ta nuna wa yaro da yatsa, sai dai kasuwa, kasuwa kuwa jari take tambaya kafin takarda.

Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a fiye da ashirin, kuma kudancin Kano ya sami kaso mai tsoka: kwamfuta a Kura, noman rani a Kadawa, kiwon kifi da na dabbobi a Bagauda, harkar fim a Tiga. An dasa yawancinsu kusa da inda sana'ar take rayuwa, wanda hikima ce, kuma akan sallami ɗalibai da kayan fara aiki. Bayan sauyin gwamnati a 2015 da dama daga cikinsu suka tsaya, sai bayan 2023 aka shiga sake buɗe su. Ba nan ne wurin raba laifi tsakanin 'yan siyasa ba. Abin da ya shafi wannan tarihi shi ne hukumar makarantun kimiyya ta ratsa gwamnatocin soja da na farar hula kusan shekara hamsin, saboda an kafa ta da doka kuma tana da tsofaffin ɗalibai a kowace ma'aikata da ba za su zuba ido a rufe ta ba. Uban da ke Rurum ko Kibiya, kafin ya saki ɗansa daga gona ana tsakiyar aiki, yana so ya san makarantar za ta kai baɗi.

A 2011 sabuwar manhajar babbar sakandare ta wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki sana'a ɗaya daga cikin 34, aka fara jarrabawa a kansu a 2014. A cikin jerin akwai kiwon dabbobi, da kiwon kifi, da gyaran wayar salula, da aikin fata, akwai kuma rini. Sana'ar da ta ba Rano laƙabinta ta dawo a matsayin darasin da ake ci ko a faɗi a takardar kammala sakandare. Sai dai makarantu da yawa, don rashin kayan aiki, sun karkata ga darussan da ake iya koyarwa da alli kaɗai, irin su dabarun kasuwanci, ko da a ƙasar da dattawan da suka san warin nunannen baba suke zaune a unguwa ɗaya da makarantar. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake tsefe manhajar, ta rage sana'o'in zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Kiwo da lambu suna da gonakin Kadawa da ruwan Tiga a kusa, sola da waya kuma suna da masu neman aikinsu a kowace kasuwar ƙauye. Rini bai shiga jerin ba.