Kariyar Lafiyar Ma'aikatan Gini

Kariyar lafiyar ma'aikatan gini ita ce dokoki da matakan da ake bi domin tsare birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi da leburori daga rauni da cututtukan da sana'arsu ke jawowa. Faɗowa daga sama na cikin manyan musabbaban mutuwa a fannin, sai ruftawar rami da jan wutar lantarki. Akwai kuma illar da ba ta bayyana nan take, domin ɗanyen siminti yana cin fata, ƙurar dutse kuwa, idan aka daɗe ana shaƙarta, tana haddasa silikosis, wato cutar huhu marar magani, wadda zuba ruwa yayin yankan dutse ke rage haɗarinta ƙwarai.

A 1988 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 167 kan batun. A Nijeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, sai dai leburorin da ake sallama kullum da yamma, masu hawa bene da kwanon kankare a ka, ba hular kwano ba takalmin kirki, ba kasafai ake yi musu rajista ba.